A Gaskiya

Jar fitilar situdiyon rediyon jami'a ta kama, shirin kai-tsaye ya fara. Baƙon da malamin aikin jarida ya gayyato wa ɗalibarsa mahaifinta ne, kakakin wani kamfanin fenti. Wannan hirar ce za ta raba gardama: ko a ɗauke ta fannin binciken ƙwaƙwaf, ko ta koma hulɗa da jama'a, inda Baba ke so ta gaje shi.

"Ranka ya daɗe, dagwalon kamfaninku ne ke kwantar da yaran unguwa a asibiti?"

"A gaskiya, ba mu samu rahoto ba."

Tun tana ƙarama ta san Baba ba ya fara magana da "a gaskiya" sai zai ɓoye wani abu. Haka ya ce musu ciwon Mama zazzaɓi ne kawai.

Malamin na kallonta ta gilashi. Ta sake jefa wa Baba tambaya.

"Ba ku samu ba, ko kun samu kun danne?"

Shirun da Baba ya yi, duk gari ya ji shi.

Da fitilar ta mutu, ya miƙe yana gyara hula, bai dube ta ba.

"A gaskiya, uwata, ban ji haushi ba."