Wainar da Ba Ta Jure Tafiya

Ka ce kullum kana aika wa ɗan'uwanka gaisuwa ta waya, don haka ba ka yanke zumunci ba. To, gyara zama in ba ka wani misali, sai ka auna da kanka.

An yi wata mata da ta shekara goma sha huɗu a Koriya ta Kudu, inda mijinta yake aiki. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yan suka ce su can za su zauna, ita kuwa ta tattaro ta dawo Kano. Ta sauka a wata sabuwar unguwa can bayan gari, irin unguwar nan da katanga ta fi mutane yawa. Duk duniya 'yar'uwa ɗaya ta rage mata, yayarta da ke cikin birni. Ta je ta gaishe ta sau ɗaya da dawowarta, ba ta sake ba. Ba gaba suke yi ba, kunya ce ta ɗaure ta. Lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta jinya har ta cika, yayar ce ta yi ɗawainiya ita kaɗai, ita tana can nesa. Duk sa'ad da ta ɗauki mayafi sai ta ji ƙafarta ta yi nauyi, ta mayar da shi ta ce sai gobe.

Abin da ta fake da shi wata waina ce da wata tsohuwa maƙwabciyarta ta koya mata a can Koriya, wadda suke kira hotok. Ana kwaɓa fulawa da yis da madara mai ɗumi, a rufe har ƙullin ya tashi. Sai a shafa mai a hannu, a gutsuro, a faɗaɗa a tafi, a zuba jan sukari da kirfa da dakakkiyar gyaɗa a tsakiya, a tattaro bakin a tsuke. Da ta rasa irin sukarinsu a kasuwa sai ta daka mazarƙwaila, ta kuwa fi daɗi. A sa a kasko, in ƙasan ya yi ja a juya, a danne da gindin kofi har ta baje, zaƙin ya narke a ciki kamar zuma. Sai dai kwaɓi ɗaya waina takwas yake bayarwa, ita kuwa cikinta ɗaya. Takan ci guda a tsaye gaban kasko, ba mai ce mata sannu da aiki. Sauran bakwai ta jera a langa, ta ɗaure da ɗankwali, ta ba mai adaidaita sahu ya kai cikin birni. Kowace Juma'a haka. Ka kuma san al'adarmu, ba a mayar da kwano ba komai. Langar takan dawo da dambu, ko ɗanwake, ko kwaɗon zogale, ta zauna ta ci ita kaɗai tana rarrashin zuciyarta cewa ai zumunci yana nan da ransa, tunda kwano yana zuwa yana dawowa. Kaɗaici kuwa yana cinta, ta sani sarai.

Abin da ta manta, ko ta ƙi tunawa, shi ne wainar nan ba ta jure tafiya. A ƙasar masu ita ma a bakin kasko ake cinta, ana hurawa ana ƙona harshe. Kafin mai adaidaita ya ratsa cunkoson Kano, zaƙin ya daskare, fulawar ta yi tauri kamar ƙirgi.

Haka aka yi shekara biyu. Ran nan, wata Juma'a, ƙulli ya tashi har yana ɗaga murfi, ta je kunna wuta ta tarar gas ya ƙare. Ta tsaya ta lissafa gidajen layinsu kaf, babu ko ɗaya da za ta yi sallama ta ce a ba ta aron murhu. Zubar da abinci kuma ba halinta ba ne. Da mai adaidaita ya iso, maimakon ta miƙa masa langa, sai ta ɗauki robar ƙullin da kaskonta ta shiga ta zauna.

Ta tarar da yayar a kan tabarma a tsakar gida, ta rame, idanunta a buɗe amma ba sa bin kowa. Tun daminar bara ganinta ya tafi. Matar ɗanta ce ke dafa abin da ake mayarwa a langa, yayar kuma ta hana a faɗa, wai kada a tayar wa ƙanwarta da hankali. Da ta ji sallamar sai ta karkato kunne ta ce, "Auta? Ke ce, ko kunnena ne yake min gizo?"

Auta ta sauke robar da kaskon. Ta durƙusa gaban murhu, ta soya ta fari, ta sa mata a hannu da zafinta. Tsohuwar ta hura, ta gatsa, mazarƙwaila ta gangaro mata a yatsa. Ta tauna, can ta ce, "Ashe haka take. Ni da shayi nake jiƙa ta in haɗiye, don dai daga hannunki ta fito." Ta lalubo fuskar ƙanwar da ɗaya hannun, ta shafa tun daga goshi har haɓa. "Da bara kika kawo min ita, Auta, da na gan ki."

Waina ta biyu ta ƙone a kasko, Auta tana durƙushe tana kuka, babu wanda ya tuna ya juya ta.

To, ka ji. Saƙo yana isa, amma ba ya ganin halin da mutum yake ciki. Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.