Layar Iya Tasalla

Tun da doka ta ce duk wani abu rufaffe sai an haska shi kafin ya shiga jirgin ƙasa, Iya Tasalla ba ta ƙara tafiya ba. Yau kuwa dole ta je, ƙanwarta na kwance a Gusau, rai a hannun Allah.

Ta ciro layar azurfar da mahaifinta ya rataya mata shekara sittin da suka wuce. "Ɗan nan, ba a buɗe laya. In an buɗe, ta karye."

"Ba buɗewa za mu yi ba, Iya," in ji Sallau, ma'aikacin tashar.

Ya saka wani falle siriri kamar ɓawon albasa a gaban injin leza mai harba haske, ya ajiye layar a bayansa. Haske ya buge shi, ya ƙone ƙurmus, ƙananan ƙwayoyin nutiron da suka fito suka ratsa azurfar, hoton cikinta ya bayyana a allon injin.

Sallau ya daɗe yana kallon allon. Babu takarda, babu rubutu. Cikin layar wayam.

"Me Baba ya rubuta mini?" ta tambaya a hankali.

"Injin ba ya karatu, Iya. Ki wuce."

Ta mayar da ita wuya. "Da ita na haifi tara, ban binne ko ɗaya ba."

Sallau ya goge hoton, ya saka sabon falle.