Kalangun Baba Ayanlowo

Kwana uku ke nan Ayanbode yana jiran a kawo wuta. Abokinsa ne ya ara masa na'urar wasan bidiyo, irin wadda ake haɗawa da talabijin, kuma yau da yamma zai zo ya ɗauki abarsa. A cikin wasan akwai wani jarumi mai takobi da ke ratsa ƙasar allolin mutanen da, yana sara yana suka. Ayanbode ya kai shi har ƙofar dodon ƙarshe, mai kawuna uku, sai aka ɗauke wuta. Tun ranar ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya shiga, ya fita, ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitila. Ƙato ɗan shekara ashirin da bakwai, amma ka ce kaza ce mai neman wurin yin ƙwai.

Gidansu a Oyo gidan makaɗa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, Baba Ayanlowo, tsufa ya cinye masa ƙafafu, aikin da aka yi masa a maƙogwaro kuma ya tafi da muryarsa. Ga ciwon asma. Sai kalangunsa ya zama bakinsa. Kowa a gidan yana da kiɗansa, kuma dokar tsohon ɗaya ce: wanda aka kaɗa wa shi ke zuwa. In wani ya yi karambanin amsa kiran da ba nasa ba, harara zai sha, a kore shi da makaɗi.

Da hantsi yayarsa Ronke ta shirya za ta Ibadan saro kaya. Ta miƙa masa sabon maganin shaƙa.

"Na wurin Baba ya ƙare jiya. Kai masa wannan yanzu, ba anjima ba."

"To, Anti."

"To ɗin nan taka na san ta. Tashi ina gani."

Ya tashi. Ita ta fita, shi ya nufi ɗakin tsohon. Yana tsakiyar gida yaran unguwa suka ɗauki ihu, an kawo wuta. Ya jefa maganin a aljihu ya juya da gudu.

Dodon nan ba a tsayar da faɗansa a tsakiya. In an kashe ka, ko wuta ta tafi, sai ka koma farko. Sau huɗu ana kashe jarumin Ayanbode. Gumi ya jiƙa masa riga, ido ɗaya a talabijin, ɗaya a ƙwan fitila. A karo na biyar ya sare kan farko.

Sai ya ji kalangu. Kiɗansa ne, ba ko tantama.

"Ina zuwa, Baba," ya ce, ko waiwayawa bai yi ba. Ai ya san kiran tsohon. Ko ruwa, ko a canza masa tashar rediyo, ko dai kawai yana son ya ga mutum.

Kalangu ya sake kira. Iya Risika, mai sayar da amala, tuwon Yarabawa, a ƙofar gidan, ta leƙo ta taga da muciya a hannu.

"Bode, kunnenka ƙashi ne? Kai ake kira."

"Na ji, Iya. Minti biyu."

"Minti biyunka ko na agogo? Ƙato da kai kana faɗa da aljanun cikin akwati. Da ni ya kira da tuni na je."

Ta koma kan tukunyarta. Kai na biyu ya faɗi. Kiɗan ya canza, ya yi sauri, ya rikice, abin da bai taɓa faruwa a hannun Baba Ayanlowo ba. Ayanbode har ya ɗaga daga kujera. Amma jinin dodon saura kaɗan, kwana uku fa yana jiran wannan. Ya koma ya zauna.

Ya sare kai na uku. Talabijin ta cika da kiɗan nasara, ya yi tsalle yana dukan iska. Sai da ya tsaya ya lura gidan ya yi tsit. Ya sa hannu a aljihu, ya taɓo maganin.

Ya ruga ɗakin, ya tarar da mahaifinsa a ƙasa, ya zamo daga gado, kalangu a hammata, tsohon maganin da babu komai a ciki yana gefensa. Ya ɓare sabon da haƙori, ya sa masa a baki, yana ta kiran sunansa. Kafin a samo motar da za ta kai su asibiti, rai ya yi halinsa.

Da la'asar Ronke ta iso. Iya Risika tana kuka ta ce mata, "Sau bakwai ya kira. Duk mun ji. Mun san yaron yana ciki, shi ya sa babu wanda ya motsa."

Ronke ba ta yi ihu ba. Ta zo ta tsaya a gaban ƙaninta.

"Kana gida?"

"Ina gida."

"Ka ji shi?"

"Na ji."

"To me kake yi?"

A gaban dangi da makaɗan garin da suka zo zaman makoki, ya ce, "Wasa nake yi."

Mai karatu, wasa ba laifi ba ne, amma yana da lokacinsa. Dodon cikin akwati in ya kashe ka sai ka sake daga farko. Iyayenmu in sun kira mun ƙi zuwa, ba kullum ne za su sake kira ba.