Sunan da Ta Sa a Shafin Farko

Gide bai zauna a kan tabarmar da Zahra'u ta shimfiɗa masa a zaure ba. Tun daga Ƙanƙara ya taso a babur, amma ko ruwan da ta kawo bai kalla ba.

"Littafinki na sarauniyar aljanu ya iso gidanmu," in ji shi. "Ƙanwata ta kunna wa Goggo wanda ake karantawa a waya. Tun kafin a shiga labari, mai karatun ta ce an sadaukar da shi ga Gide mai gyaran waya, sanyin idon marubuciya."

Zahra'u ta sunkuyar da kai. A wayarta ta rubuta littafin, ita ta sake shi ga masu karatu, layin nan kuwa ya fi kowane shafi ba ta wahala.

"Goggo ta ce yarinyar da ke shelar namiji tun ba a kai gaisuwa gidansu ba, ba za ta shigo mata gida ba. Ki cire sunan, ko ta huce."

"In na goge a tawa, wa zai goge a wayoyin mutanen Faskari da Sabuwa?" Ta ɗago, idanunta sun kaɗa. "Kai mi ka ce mata?"

Ya yi ta juya makullin babur a hannunsa. "Na ce masu suna Gide suna da yawa."

Zahra'u ta duƙa, ta ɗauke ruwan, ta naɗe tabarmar.

"Gaskiya ka faɗa mata," ta ce. "Wanda na rubuta dominsa ba kai ba ne."