Injin Watsa Takin Malam Gidaɗo

"Wannan ma bai yi ba," in ji Malam Gidaɗo, ya sake ture wani injin watsa taki na hannu. Wancan wai ramukansa sun yi faɗi, wannan kuma wai yana zubar wa mutum a ƙafa.

Isyaku maƙeri ya gaji. "Haba Malam! Taki kwano biyu ake wa wannan iyayi?"

"A shekarar bama-baman nan wa zai sayar maka da taki? Da ƙyar na samu. In ya zube a banza, masarata ta tafi."

Sai can ya zaɓi wani jan gwangwani mai marfi da mariƙin juyawa. Ya juye takinsa ciki, ya rungume, ya nufi gona.

A shingen bincike na Dukawuya masu tsaro suka hango shi rungume da abu kamar bam, suka ja da baya, bindigogi a saite.

"Baba, tsaya nan! Mene ne wannan?"

"Injin taki ne, 'ya'yana."

"To juya mu gani. Daga can! Ci gaba, wa ya ce ka tsaya?"

Bawan Allah yana juyawa yana salati, har takin gwangwanin ya ƙare tas.

Masara kam ba ta yi ba. Amma da kun ga ciyawar bakin shingen nan a damanar, koriya shar, ko'ina daidai, har ƙugu! Gaskiya Gidaɗo ya iya zaɓen inji.