Kalmar da Ta Ƙi Goguwa

Elias ya danna maɓallin kunnawa, ƙaramar kwamfutar ta yi ƙara, hoton ɗan kwaɗon kulle ya fito a baƙin allo yana neman kalmar sirri. Ya yi tsaki. Jiya da hannunsa ya goge ta.

Ya gyara gilashinsa ya soma laluben haruffa da yatsa ɗaya, yana faɗinsu a fili kamar ɗan firamare, don haka ya saba. Da ya kai ƙarshe ya haɗa su: "Ƙauna." Injin ya buɗe. A bakin ƙofar falo matarsa Judith ta tsaya cak da tiren shayi, ta runtse ido, sannan ta ajiye ta koma kicin.

Kwamfutar ta wurin aiki ce. Ƙungiyar da ke haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Gassol ta ba shi a 1997, lokacin da ko a sakatariya ba kowa ya taɓa ganin irin wadda ake ɗorawa a cinya ba. 'Yarsu Ƙauna, da ke koyon kwamfuta bayan ta gama sakandare, ita ta zauna a teburin nan ta nuna musu shafin saiti mai launin shuɗi, wanda ake shiga kafin injin ya tashi. Ta sa sunanta tana dariya. "Baba, yanzu sai ka kira ni kafin ka yi aiki."

Sanƙarau ya ɗauke ta da bazara. Daga coci har unguwarsu ta Nukkai mutane suka koma kiran Judith "Madam" maimakon Maman Ƙauna, don gudun fama mata ciwo. Ita ma ta daina ce masa Baban Ƙauna, sai "Maigida". Elias ya sauke hotuna ya sa a akwati, ya kulle ɗakin yarinyar. Abu ɗaya ya rage, kuma kullum da safe yana ganin yadda yake daskarar da matarsa a bakin ƙofa. Shi zai iya jurewa. Ita yake ji.

Ya ɗauki injin sai unguwar Majidaɗi, shagon Abbo mai gyaran kwamfutocin ofisoshi.

"Oga Elias, ka adana kafin ka fita daga shafin?" Abbo ya tambaya.

"Na adana. Na kashe, na kunna, ya buɗe babu tambaya. Gari na wayewa ta dawo."

Abbo ya kwance bayan injin, ya zaro wani batir kamar maɓallin riga. "Wannan ne ke riƙe saiti. In ya mutu, injin yana mantuwa." Ya auna shi, ya ɓata fuska. "Lafiyarsa ƙalau. Kuma naka ba mantuwa yake ba, tunawa yake."

Duk da haka ya sa sabo, ya goge kalmar a gaban Elias. Washegari ɗan kwaɗon ya dawo.

Elias ya canza dabara. Maimakon gogewa, ya sa wata kalma dabam, "burtsatse", ya gwada ta a falo har ta zauna masa a baki. Da safe injin ya ƙi ta. Ya sake bugawa a hankali, ya ƙi. Ya buga sunan 'yarsa, allon ya buɗe.

Ranar a hanyar garin Mutum Biyu ya sa direba ya tsaya, ya shiga bayan wata bishiya ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Shi mutumin lissafi ne, bai yarda da fatalwa ba. Amma ya fara tunanin ko shi ne yake mayar da ita cikin gushewar hankali, ko kuwa yarinyar ce take fushi da shi don yana son share ta. Bai faɗa wa Judith ba. Me zai ƙara mata?

Abbo ya ce a bar masa injin. Ya goge kalmar, injin ya kwana biyu a shago, ana kunnawa ana kashewa, kwaɗo bai fito ba ko sau ɗaya. Da Elias ya zo karɓa, Abbo ya miƙa masa da hannu biyu, bai dubi idonsa ba.

"Ni dai ban ga cuta a jikinsa ba, Oga. Kada ka ƙara kashe kuɗinka. Allah ya ba ku haƙuri."

A gida ya tarar Judith ta faɗa, kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi. Ta karɓi jakar injin ta ajiye a kan tebur, ta share ƙurar da ke kanta da gefen zaninta.

Da safe ya shiga wanka kamar kullum. Ya buɗe famfo, famfon ya yi gurnani ya bushe. Ya ɗauki bokiti ya fito zai ɗebo a randa, sai ya hango hasken shuɗi a falo.

Judith ce zaune a kujerarsa. Ta sunkuya kan allon, tana bin shafin saitin layi-layi, daidai yadda yarinyar ta nuna musu. Bokitin ya suɓuce daga hannunsa. Ba ta firgita ba. Ta ƙarasa harafin ƙarshe, ta adana, sannan ta juyo, hawaye har haɓa.

"Judith, ke ce? Ni da nake cirewa saboda ke?"

"Kowa ya daina faɗin sunanta, ni kuma bakina ya kasa," ta ce. "Baban Ƙauna, in ka goge, wa zai ƙara kira mini ita da safe?"