Jirgin da Baba ya ajiye mini

Bayan la'asar ne Baba ya sauko da kwalin. Jirgin sama ne na roba a cikinsa, irin wanda ake harhaɗawa, tsarabar kawuna mai aiki a Anou Araren. Shekara da shekaru yana ajiye ƙarƙashin rufin kwano, wai sai na yi hankali.

Ashe zafin Agadas ya riga ni. Ina taɓa fiffiken, ya karye ƙas kamar busasshen kara.

Na ce, “Baba, ai bushewa ya yi.”

Ya ce, “Rufe mini baki. Ka ga abin da ya sa ban ba ka ba?”

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wai ni ne mai ɓarna! Ya hana ɗansa, ya bar wa rana.